Tafiyar Yini Guda a Mota Tsakanin Birane Biyu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi idan mutum zai kama babbar hanya da motarsa daga wani birni zuwa wani, ko dai ya isa ya kwana, ko ya je ya juyo a ranar. Yawancin masu tambaya mota ce damuwarsu. Ni kuwa abin da na lura da shi, motar da ake kula da ita ba ta cika ba mutum kunya ba. Direba da agogonsa su suka fi ɓata tafiya, shi ya sa za a ga na fi daɗewa a kan lokaci da barci.

Kilomita nawa mutum zai iya ci a rana ɗaya?

Ajiye lissafin kilomita tukuna, ka ƙirga awannin da za ka yi riƙe da sitiyari. A ƙasashen Tarayyar Turai, direbobin manyan motoci waɗanda tuƙi ne abincinsu, doka ba ta bar su su wuce awa 9 a rana ba, sai sau biyu a mako da ake ɗaga musu ƙafa zuwa awa 10. Kuma tilas su huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Wanda ya saba ke nan. Kai da tuƙinka bai wuce daga gida zuwa wurin aiki ba, in ka yi awa 8 ka kai maƙura, kuma washegari bayanka zai ba ka labari.

Sannan gudun da aka rubuta a allon hanya ba shi ne gudun tafiyarka ba. Ko da an yarda a yi kilomita 100 ko 110 a awa, in ka haɗa fita daga gari, da tsayawa biyan kuɗin hanya, da bin bayan tirela a hawa, da inda ake gyaran titi, abin da za ka tashi da shi bai fiye wuce 75 ko 80 ba. Ni da 75 nake lissafi. Garin da ke nisan kilomita 300, awa huɗu ke nan. In zuwa da dawowa ne sun zama takwas, ban da hutu, ban da abin da ya kai ka. Don haka ga direba ɗaya, kilomita 300 ita ce kusan iyakar tafiyar je-ka-dawo, 600 kuwa ta wanda zai kwana can.

Taswirar wayata ta ce awa huɗu ne. In yarda da ita?

Ka yarda da ita a kan hanya, kada ka yarda da ita a kanka. Ita mota take lissafawa wadda ba ta shan mai, ba ta kama ruwa, ba ta neman wurin fakin. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da ta faɗa: in ta ce huɗu, ka rubuta biyar.

Wani kuskuren kuma shi ne duba taswira da tsakar dare, lokacin da titi ba kowa, a ɗauka haka zai kasance da safe. Google Maps yana ba ka damar sa ranar da za ka tashi da ƙarfen da za ka tashi, ya kimanta maka cunkoson wannan lokacin. Yi amfani da wannan. Kilomita goma sha biyar na ƙarshe, wato shiga cikin birnin da ba ka sani ba, sukan cinye abin da kilomita hamsin na buɗaɗɗiyar hanya ba su ci ba.

Kafin ka fita ka sauke taswirar hanyar a waya. Na'urar gano wuri da ke cikin wayar da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ta buƙatar data, amma hoton taswirar yana buƙata in ba a riga an sauke shi ba. Ka kuma rubuta sunayen garuruwa huɗu ko biyar da za ka ratsa a 'yar takarda. Abin kamar ƙauyanci, sai ranar da waya ta mutu a mararraba.

Ƙarfe nawa ya fi dacewa in tashi?

Daga baya ake fara wannan lissafin. Tambayi kanka ƙarfe nawa kake so ka kashe mota a ƙofar gida, sannan ka riƙa ja da baya. A ce kana so ka dawo kafin duhu, ƙarfe shida na yamma. Dawowa awa huɗu da rabi har da hutu, ke nan ƙarfe ɗaya da rabi ka baro can. Abin da ya kai ka zai ci awa uku, to goma da rabi ka isa. Tashi ƙarfe shida na safe ke nan, mota na tafiya, ba ana neman makulli ba. Da ka jera su haka za ka ga ko ranar za ta ɗauki tafiyar ko ba za ta ɗauka ba, tun kana zaune a ɗaki.

Sammako yana da daɗi: titi fayau, inji da sanyi, yara na barci. Amma sammakon da aka ciro daga cikin barci bashi ne, kuma da rana ake biya. Wanda ya kwanta sha biyun dare ya tashi ƙarfe uku don ya riga kowa, ya hau hanya a daidai lokacin da jikin ɗan'adam ya fi neman barci, tsakanin ƙarfe biyu zuwa shida na asuba. In za ka yi sammako, to daren ne za ka gyara, ka samu awa bakwai.

Ka kuma dubi inda ka dosa. Mai tafiya gabas da hantsi da mai tafiya yamma da la'asar sakaliya, rana ce a idonsu tsawon hanya. In tafiyarka gabas ce zuwa, yamma dawowa, ka haɗa duka biyun. Baƙin tabarau da gilashin gaba mai tsabta ciki da waje suna rage wahalar sosai.

In na makara, ba sai in taka mota in cike giɓin ba?

Bari mu yi lissafin. Kilomita 300 a gudun 100 awa uku ne. A gudun 120, awa biyu da rabi. Minti talatin ka samu, shi ma in babu abin da ya tare ka ko sau ɗaya, wanda ba ya faruwa. A zahiri za ka ga motar da ka wuce da ƙarfi ta zo ta tsaya kusa da kai a layin biyan kuɗin hanya, direban ya kalle ka.

Ga abin da ka biya kuwa. Nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin gudun a kan kansa yake bi. Gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. Ɗauki motoci biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tana 100 ɗaya tana 120, su taka birki a wuri ɗaya da ƙarfi ɗaya. A daidai inda mai 100 ta tsaya cak, mai 120 tana nan tana gudun kusan kilomita 66 a awa. Da wannan gudun za ta daki abin da ɗayar ta tsaya a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100. Ga mai kuma, don iskar da mota ke turewa ita ma da ninkin gudu take ƙaruwa.

Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa. In ka makara, tsaya ka buga waya ka ce ka makara. Minti biyu ne.

Me zan duba a mota, kuma yaushe?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu ko uku kafin nan ake dubawa, don in an ga matsala a samu lokacin gyara, a kuma zaga da motar cikin gari a ji ta. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a karɓo mota daga wurin bakanike da daddare a kama hanya da asuba. Noti ɗaya da aka manta ba a ɗaure ba, a kilomita na tamanin zai yi magana.

Buɗe bonet mota na sanyi, a wuri mai daidai. Zaro sandar baƙin mai, goge, mayar, sake zarowa: man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Dubi ruwan lagireto a robarsa, da man birki, da ruwan wanke gilashi. Fanbel in ya tsattsage ko yana kuka da safe, canja shi. Kan batir in ya yi farin gari, a wanke a ɗaure. Sai ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina hagu da dama, ya gaya maka wacce ba ta kamawa. Waifa in tana barin zane a gilashi ta gama aiki. Birki mai ƙara, ko wanda ƙafa ke nutsewa a cikinsa, ko mai jan mota gefe ɗaya, ba a tafiya da shi.

Tayoyina suna da sauran zane. Ba shi ke nan ba?

Zane abu ɗaya ne cikin uku. A Turai da ƙasashe da yawa doka ta sa zurfinsa kada ya gaza milimita 1.6. In ka leƙa cikin ramukan zanen za ka ga wasu 'yan ƙananan tudu a kwance. Ranar da fuskar taya ta zo daidai da su, ta ƙare. Wanda zai yi tafiya cikin ruwan sama bai kamata ya jira har nan ba.

Na biyu shekaru. Durƙusa ka dubi kumatun tayar, ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe. Za ka ga lambobi huɗu, sau da yawa a cikin wani ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma tsohuwar taya mai kyan fuska ita ce ke fashewa idan kwalta ta ɗau zafi. Da ta haura shekara biyar a riƙa sa mata ido, da ta kai goma a sallame ta ko da zanenta kamar jiya aka saya. Kumburi a gefe ko tsaga kuwa ba sa jiran shekaru.

Na uku iska. Lambar da ta dace tana kan wata takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, ko a murfin tanki, ko cikin littafin mota. Lambar da ke jikin taya ba ita ba ce, wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne. A gwada taya na sanyi, kafin a yi tafiya. Sau da yawa takardar tana da layi na biyu na mota cike da mutane da kaya, shi za ka bi in haka za ka tafi. Taya mai ƙarancin iska ta fi mai yawa haɗari a doguwar hanya, don gefenta yana ta lanƙwasawa yana ɗaukar zafi.

Sai safaya. Na taɓa yin faci a tsakiyar hanya da rana tsaka, na sauke kaya kaf daga but, na ɗaga mota, na ɗaura safaya ina jin kaina gwani. Ina sauke jak sai ta zauna laƙwas har wil ya kusa taɓa ƙasa. Shekara biyu tana kwance ba wanda ya tambaye ta iska. Tun ranar, ita nake fara gwadawa. Ka kuma gwada kwance noti ɗaya da wil-sifanarka a gida, don notin da aka ɗaure da inji wani lokaci ko tsayawa ka yi a kan sifana ba ya motsi. In safayar 'yar siririya ce irin ta wucin gadi, yawancinsu an rubuta kada a wuce kilomita 80 a awa da su.

Yaya zan san man da zai ishe ni?

Ka san abin da motarka ke sha a kilomita 100. In ba ka sani ba, cika tanki, mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya sifili, yi harkokinka na 'yan kwanaki, sake cikawa, ka raba litocin da aka zuba da kilomitan da ka yi, sannan ka ninka abin da ya fito sau 100. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha 48 a tafiyar kilomita 600. Ɗora kashi ɗaya cikin goma saboda cunkoso da ɓatan hanya. Kaya a kan rufi da esi suna ƙara sha.

Cika tanki tun jajibirin tafiya. A hanya kuma, da allura ta sauko kwata, gidan mai na gaba naka ne, kada ka ce sai na gaba da shi.

Me ya kamata ya kasance cikin motar?

Lasisi, takardun mota da inshora, a duba kwanan watansu, ba wai a tabbatar suna nan kawai ba. Jak, wil-sifana, alamar nan mai kusurwa uku, tocila, wayar tayar da batir, akwatin agajin gaggawa, abin kashe gobara, caja, da ruwan sha fiye da yadda kake zato. Maganin da wani a motar yake sha kullum. Kuɗi a hannu kaɗan ko da da kati kake biya. Abin da doka ta wajabta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka bi na inda kake.

Kaya masu nauyi a ƙasan but, a jingine da bayan kujera. Kada a ɗora komai mai nauyi a bayan kawunan mutane, don birkin gaggawa yana mayar da kwalbar ruwa dutse.

Ni ba na jin barci a kan sitiyari. Dole ne sai na riƙa tsayawa?

Kowa haka yake cewa. Barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Abin da ke kashe mutane ba barcin munshari ba ne, wani ɗan ɗaukewa ne na daƙiƙa uku ko huɗu, wani lokaci ido ma a buɗe. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu, mita 111 ke nan, tsawon filin ƙwallo da ɗoriya, mota na tafiya ba direba.

Kafin ya zo yakan aiko 'yan aike. Hamma a jere. Ido yana yaji, kana ta murza shi. Ka ga kanka a wani gari ba ka tuna lokacin da ka wuce wanda ke bayansa ba. Gudunka yana hawa yana sauka ba dalili. Taya ta hau layin gefe ta yi gurnani ka zabura. Ka fara gyara zama, ka ƙara sautin rediyo, ka sauke gilashi. Wannan na ƙarshen shi ne shaidar da ta fi ƙarfi: da ka fara neman dabarar korar barci, ya riga ya shigo motar. Iska da kiɗa da tauna abu 'yan mintoci suke saya maka, ba sa biyan bashin.

Wani bincike da aka yi a Ostiraliya aka buga a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa, wanda a ƙasashe da yawa shi ne iyakar da doka ta yanke wa direba. Lissafa da kanka: ka tashi biyar na asuba, ƙarfe goman dare ka cika awa 17. Wanda bai taɓa kusantar kwalba ba yana iya zama a wannan halin a hanyarsa ta dawowa.

Ƙa'idar tuƙi ta Birtaniya ta ba da shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu, kuma ban ga abin da ya fi wannan sauƙin riƙewa ba. Hutu na gaske: ka fito, ka taka ƙasa, ka miƙe, ka wanke fuska. Zama cikin mota ana latsa waya ba hutu ba ne. In barcin ya riga ya kama ka, nemi wuri mai aminci ka kauce daga titi, ka sha kofi, ka kulle mota, ka kwantar da kujera minti goma sha biyar zuwa ashirin. Kofi yana ɗaukar kimanin wannan lokacin kafin ya fara aiki, sai ka farka su biyun sun haɗu. Sau ɗaya wannan dabarar ke yi a rana. In barci ya dawo bayanta, tafiyar yau ta ƙare.

Abu biyu kuma. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana jiki yakan yi sanyi ko da ka yi barci isasshe, balle an cika ciki. Ci kaɗan. Sannan magungunan mura da na ƙaiƙayi da yawa suna sa barci. Karanta takardar da ke cikin kwalin kafin ranar.

Mu biyu ne masu iya tuƙi. Yaya za mu raba?

Ku riƙa karɓa duk bayan awa biyu, a wurin hutu, tun kafin wani ya gaji. In aka bari sai direba ya ce ya gaji, ba zai faɗa ba, musamman in ƙaninsa ne ko matarsa zai miƙa wa makulli. Wanda ke kujerar gaba shi ne mai waya, mai taswira, mai miƙa ruwa, kuma shi ne mai kallon idon direba. In zai yi barci ya koma baya, wani ya dawo gaba.

Tireloli suna ba ni tsoro. Yaya ake wuce su?

Tsoron yana da amfani. A hanya mai hannu biyu da aka raba tsakiyarta abin da sauƙi: sigina, madubi, waiwaye, ka wuce ba tare da ka daɗe a gefenta ba, kada ka dawo gabanta sai ka ga fuskarta gaba ɗaya a madubinka na ciki. In kana bayanta ba ka ganin madubin direban, shi ma ba ya ganin ka.

Hanyar da ake gaba da gaba ita ce abin ji. A ce tirela tana 80 kana 100. Bambancinku kilomita 20 ne kacal a awa. Kafin ka fito daga bayanta, ka wuce tsawonta, ka ba ta tazara ka koma layinka, kana buƙatar ka fi ta da kimanin mita 70, wanda zai ci daƙiƙa goma sha biyu zuwa sha uku. A wannan lokacin ka ci mita 350 a hannun da ba naka ba. Motar da ke tahowa da gudu irin naka ita ma ta ci 350. Ke nan sai kana hango mita 700 fayau kafin ka leƙa. A kwana, ko kan gada, ko gab da ƙolin tudu, ba ka da wannan. Kuma kada ka bi bayan wanda ya fita wucewa don ka ga ya fita. Shi ya ga abin da ya ishe shi, ba abin da zai ishe ku ku biyu ba.

Tazara nawa zan bari tsakanina da na gaba?

Da daƙiƙa ake aunawa. Na gabanka ya wuce wani allo ko turke, ka fara ƙirga. In ka iso wurin kafin ka kai uku, ka matse shi. Cikin ruwa ka ninka. Wani zai shigo cikin tazarar da ka bari, tabbas. Ƙyale shi, ka sake buɗe wata.

In ruwa ya tsuge ko dare ya same ni fa?

Farkon saukar ruwa bayan an daɗe ba a yi ba ya fi santsi, don yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Rage gudu, kunna fitila. In ka ji sitiyari ya yi sakayau kamar mota na iyo, taya ce ta hau kan ruwa: ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka danna birki. Cikin hazo dim ake sawa, don doguwar fitila dawo maka take yi a ido. Ruwan da ya rufe titi yana gudu ba a gwada zurfinsa da mota.

Da dare matsalar lissafi ce. Ƙa'idar tuƙin Birtaniya ta kimanta cewa mota mai gudun kilomita 96 tana buƙatar mita 73 kafin ta tsaya, a busasshen titi. Dim ɗin yawancin motoci bai haska wannan nisan. Wato a wannan gudun, kafin ka ga motar da ta lalace ba fitila, ka riga ka shiga nisan da birki ba zai cece ka ba. In mai tahowa ya dalle ka, kada ka kalli fitilarsa, bi layin gefen titi na wajenka da ido.

Mota ta ba ni matsala a tsakiyar hanya. Me zan fara yi?

Kunna fitilun haɗari, ka gangara gefe iyakar yadda za ka iya, nesa da kwana. Kowa ya fita ta ƙofar da ba ta kallon titi, a tsaya nesa, bayan shingen ƙarfe in akwai. Ba a zama cikin motar da ta tsaya a bakin babbar hanya, ba a kuma tsayawa a gabanta. Alamar kusurwa uku a baya can nesa, inda dokar wurin ta yarda a sa ta.

Taya in ta fashe kana gudu, ƙafarka za ta nemi birki da kanta. Hana ta. Riƙe sitiyari da hannu biyu, saki totur sannu a hankali, bari mota ta rage da kanta, sai ta yi sanyi ka taɓa birki. Allurar zafi in ta haura, kashe esi, tsaya, kashe inji, kuma kada ka kusanci murfin lagireto sai ya huce sarai, don ruwan ciki a matse yake, yana iya wanke maka fuska. Jar fitilar baƙin mai kuwa ba a cewa bari in ƙarasa garin gaba da ita. A gangara mai tsawo ka sauko da giya inji ya riƙe motar. Wanda ya sa furi, wato ya fitar da mota daga giya, ya dogara da birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa.

Da yara zan tafi, ni kaɗai ce babba a motar.

To ki ƙara awa guda a lissafinki, ki kuma shirya tsayawa a inda za su iya gudu su dawo. Yara a baya, kowa da bel ɗinsa, ƙanana a kujerar da ta dace da girmansu. Kujerar jariri mai kallon baya ba a sa ta a gaba in jakar iskar wurin, wadda ke fitowa ta kumbura a lokacin karo, tana aiki. Riƙe yaro a cinya ba kariya ba ce, don a karo ba hannun da zai iya riƙe shi. Ki danna makullin yara na ƙofofin baya. Ruwa da abin taɓawa su kasance inda babbansu zai iya miƙawa, don kada ki riƙa juyowa. In rigima ta kaure, tsayawa za ki yi ki raba, ba ta madubi ba. Kada a bar yaro cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar, zafin ciki yana hawa da sauri fiye da yadda ake zato.

Bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu, wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ya fito da shi a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. Yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Na baya ma su ɗaura: babba marar bel a baya, na gabansa yake faɗa wa.

Ai da sifika nake amsa waya, hannuna na kan sitiyari.

Hankalinka fa? Mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yin waya ba tare da riƙe ta a hannu ba bai rage abin sosai ba. Saita taswira kafin ka tayar da mota, ka gaya wa na gida ƙarfen da za ka tsaya hutu, a nan za su ji ka.

Motata mai lantarki ce. Akwai bambanci?

Akwai. Gudu mai yawa da tsananin sanyi suna cinye batir fiye da abin da allon mota ya yi maka alkawari. Ka san wuraren caji tun daga gida, kowanne da na madadinsa. Caji mai sauri yakan ja ƙafa bayan kashi 80 cikin 100, don haka tsayawa biyu gajeru sun fi jiran ya cika fal. Haɗa cajin da hutunka.

Na gama abin da ya kai ni a makare. In juyo ko in kwana?

Wannan shawarar ba a can ake yanke ta ba, don a can gajiya ce da son gida za su yanke maka. Tun kafin ka tashi ka sa wa kanka ƙarfe: in ya wuce kaza ban kama hanya ba, kwana zan yi. Ka faɗa wa na gida da wanda za ka je wurinsa, don kada kunya ta sa ka fasa. Dawowa ta fi zuwa wuya: direban ya riga ya yi awa huɗu a hanya, ya yi yini a tsaye, ya ci abinci, rana tana faɗuwa, kuma sashen ƙarshe hanya ce da ya sani, inda hankali ke sakin jiki.

Ƙirga daga lokacin da ka farka da safe. In isowarka gida za ta kai ka awa goma sha shida ko sha bakwai ido biyu, nemi masauki. Ni ko tafiyar je-ka-dawo ce, akwai 'yar jaka a but mai riga ɗaya, buroshi, caja da maganin kwana guda, kuma nakan duba masauki ɗaya a garin da za ni da wani a rabin hanya, in ajiye lambobinsu a waya kafin in fita.